Ko Za a Iya Zuba Dekin da Ɓaraguzan Tsohon Gini?

Tambaya: Ina gina bene a Zariya, kuma kuɗin tifar tsakuwar dutse ya yi mini nauyi. Maginina ya ba ni shawarar mu farfasa ɓaraguzan tsohon ginin da muka rushe, wato bulo da kankare, mu zuba dekin da su a maimakon tsakuwa. Shin hakan zai yi ƙarko?

Amsa: Malam, kafin komai a raba ɓaraguzan nan gida biyu, domin bulo daban, tsohon kankare daban. Bulon da ake bugawa a yawancin garuruwanmu yashi ne da ɗan siminti kaɗan, wani ma da hannu za ka iya marmashe shi. Tsakuwa kuwa ita da yashi su ne suka cinye kusan kashi 70 cikin 100 na jikin kankare, kuma kankare ba ya wuce ƙarfin abin da aka cika shi da shi. Saboda haka fasasshen bulo ba shi da wuri a dekin ko kaɗan. A yi ciko da shi a ƙarƙashin daɓen ƙasa, a daddanne shi sosai, nan ne amfaninsa yake.

Tsohon kankare na ginshiƙi ko na dekin shi ne ake iya magana a kansa. Ana farfasa shi a sake amfani da shi a ƙasashe da dama, amma ƙa'idar gini ta Ingila, alal misali, ta kan taƙaita shi a kashi 20 cikin 100 na tsakuwar da za a sa a kankare mai rodi, sauran kuma dutse ne sabo. Dalili shi ne kowane gutsure yana ɗauke da tsohon siminti a jikinsa, wanda yake shan ruwa ninkin abin da dutse yake sha. Idan aka kwaɓa sai kwaɓin ya yi tauri, leburori su ƙara ruwa don ya yi musu sauƙin zubawa, kuma wannan ƙarin ruwan ne yake kashe ƙarfin kankaren. Daga baya dekin ya tsattsage, danshi ya sami hanyar isa ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura. Ga kuma ƙasa, da katako, da filastan silin da kan cakuɗe da ɓaraguzai, waɗanda dole ne a tsince su a wanke sauran.

A ganina, ga mai gina gida ɗaya, wahalar fasawa da tankaɗewa zuwa girman milimita 20 da wankewa za ta cinye yawancin rarar da ake hange. Tsakuwar rafi mai tsabta, wadda aka wanke laka daga jikinta, ta fi zama mafita idan ana samunta kusa da kai.

In kuwa ka tsaya a kan tsohon kankaren, ka nemi injiniya mai rajista da COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya tsara maka yadda za a haɗa kwaɓin, a jiƙa tsakuwar kafin a kwaɓa, sannan a zuba samfuri a kai ɗakin gwaji na jami'a ko na kwalejin fasaha. Ana matse samfurin a kwana 7 da kuma kwana 28, kuma sai sakamakon ya kai ƙarfin da injiniyan ya rubuta a zanen ginin za a sa ranar zuba dekin.