Me ya sa ln(2 + 3) bai zama ln 2 + ln 3 ba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar ajin farko a jami'a, nan Samaru. A gwaji na rubuta ln(x + y) = ln x + ln y, aka soke. Ashe ba haka ake buɗe baka ba?

Amsa: 'Yata, wanda ya soke ya yi daidai. Kin ɗauki ln, wanda wani nau'in logaridim ne, kamar lamba ce da ke ninka abin da ke cikin baka, irin 4(x + y). To ba lamba ba ce, tambaya ce: fawa nawa za a ɗora wa e, wato kusan 2.718, kafin a sami wannan adadi?

Ɗauko kalkuleta ki gwada. ln 2 zai ba ki 0.693, ln 3 kuma 1.099. Tara su, kin sami 1.792. Yanzu danna ln 5, za ki ga 1.609. Ba su haɗu ba. Amma danna ln 6, sai ga 1.792 ɗin nan ta fito, domin 6 ita ce 2 sau 3. Ƙa'idar ke nan: ln(xy) = ln x + ln y. Ninkawa ce ke komawa tarawa, rabawa kuma ta koma ɗebewa. Don sauƙaƙa ninka manyan lambobi ne ma John Napier ya fito da logaridim a 1614. Ita kuwa tarawar da ke cikin baka, ba ta da ƙa'idar buɗewa, a bar ta yadda take.

Akwai inda na fi jin tsoro, domin har masu ƙoƙari yana kayar da su: ln(x²) = 2 ln x. Wannan gaskiya ne idan x ta fi sifili. Sa x = −3 ki gani: hagu ya ba da ln 9, dama kuwa babu amsa a lambobin da kuke aiki da su, tunda kowace fawa aka ɗora wa e, abin da zai fito ya fi sifili. Dalilin da ya sa babu ln 0 ke nan. Daidai shi ne ln(x²) = 2 ln|x|, inda |x| ke nufin x ba tare da alamar − ba. Kada kuma ki haɗa shi da (ln x)², wannan daban ne.

Ki kula da maɓalli ma. A kalkuleta, log tushensa, wato lambar da ake ɗora wa fawa, 10 ne, ln tushensa e. log 10 = 1, amma ln 10 kusan 2.303 ne. Duk ƙa'idar da kike shakka a ɗakin jarrabawa, gwada ta da 2 da 3 kafin ki rubuta.