Dalilin da Ya Sa Gidanmu Ke Karanta Mafarkin Nebukadnezzar a Daren Sabuwar Shekara

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma amsa gaisuwa. Ka ce abokanka na coci sun yi maka dariya da suka ji cewa a gidanmu Daniyel sura 2 ake karantawa a daren shiga sabuwar shekara, maimakon Zabura ta godiya, har kana tambaya ko dokar ikilisiya ce. Babu majalisar da ta kafa ta. Kakanka ne ya fara, mu kuma muka taras muka riƙe.

Ka tuna labarin dai. Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya yi mafarki, ya tara masu sihiri da masu duba, ya ƙi gaya musu abin da ya gani. Ya ce su faɗi mafarkin su kuma faɗi ma'anarsa, ko a kashe su. Ni wannan wayon nasa yana ba ni dariya har yau, don ya san halin masu cin abinci da baki. Daniyel, bawan da aka kwaso daga Urushalima, shi Allah ya buɗe wa asirin. Wani ƙaton gunki ne a tsaye: kan zinariya, ƙirji da hannuwa azurfa, ciki da cinyoyi tagulla, ƙafafu baƙin ƙarfe, tafin ƙafar kuwa ƙarfe gauraye da yumɓu. Sai wani dutse da ba hannun mutum ne ya sare shi ba ya bugi tafin ƙafar, gunkin duka ya ruguje ya zama kamar ƙaiƙayi a masussuka, iska ta kwashe. Dutsen ya girma har ya cika duniya.

Wurin ƙaiƙayin nan ne ya kama zuciyar Baba, wato kakanka. Ƙarshen Disamba lokacin sussukar dawa ne a wajenmu, iskar hunturu na kaɗawa, mata na shiƙa a bayan gida. Da rana mukan ga ƙaiƙayi ya tashi ya bi iska, da dare ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohon juyin nan na 1932, ya karanta mana abin da idonmu ya gani ɗazu. Bai taɓa buƙatar yi mana dogon wa'azi a kai ba.

Shi mutum ne da ya taso a ƙarƙashin Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903. Ya biya haraji a zamanin da in an ce Di'o, Baturen mulki na yanki, zai zo gari kowa cikinsa ya ɗuri ruwa, kuma a tunanin mutanen lokacin mulkin Ingila ba mai ƙarewa ba ne. Yana raye aka sauke tutarsu a 1960. Yana raye sojoji suka kifar da gwamnatin farar hula a Janairun 1966. Ni da nake rubuta maka na ga shugabannin ƙasa fiye da goma, kowanne ya shigo da jiniya.

Game da ƙarafan, Daniyel da bakinsa ya ce wa sarki shi ne kan zinariya. Sauran ukun ba a ambaci sunansu a surar ba. Fassarar da aka daɗe ana koyarwa ita ce azurfa Mediya da Farisa, waɗanda suka ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu a hannun Sairus. Tagulla Girka ta Iskandari, wanda ya karya Farisa a 331 ya kuma mutu a Babila ɗin a 323. Baƙin ƙarfe Roma. Wasu masana suna raba Mediya da Farisa gida biyu, su tsaya a kan Girka. Ko wanne ka ɗauka, aya ta 44 ba ta canjawa: Allah na Sama zai kafa mulkin da ba za a taɓa rushewa ba, ba kuwa za a bar wa wata al'umma shi ba. Mu Kirista muna ganin cikarsa a Yesu, wanda aka haifa a zamanin Kaisar Augustas, wanda mala'ika Jibra'ilu ya gaya wa Maryamu cewa mulkinsa ba shi da matuƙa, wanda kuma ya tsaya gaban Bilatus ya ce mulkinsa ba na duniyan nan ba ne.

Abin da ba na so ka ɗauko shi ne halin masu wa'azin da ke ƙirga yatsun gunkin, suna cewa wannan yatsa ƙasa kaza ce, duniya za ta tashi shekara kaza. Je ka duba, surar ko adadin yatsun ba ta faɗa ba. Ubangiji kuma ya gaya wa almajiransa sanin lokatai ba nasu ba ne. Na ga irinsu da yawa, ranar da suka sa ta wuce, suka sake sa wata ba ko kunya.

Kada kuma ka zaci raina hukuma ake koya mana. Daniyel da ya gaya wa sarki mulkinsa zai shuɗe, a ƙarshen surar shi aka naɗa a kan lardin Babila, ya yi aikin gwamnati da aminci har zamanin Sairus. Annabi Irmiya ma ya rubuta wa kamammun da aka kai Babila su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Shi ya sa in Baba ya rufe littafin, sai ya yi addu'a domin sarkin garinmu da hakimi da shugaban ƙasa, ko wane ne ke kai a shekarar, sa'an nan mu haɗa baki mu yi Addu'ar Ubangiji har zuwa inda ake cewa mulki da iko da ɗaukaka nasa ne har abada.

Bana idona ya yi rauni, ƙananan haruffa sun fara gagarata. In Allah ya kai mu, kai za ka karanta, daga aya ta 31 zuwa ta 45. Ka zo da naka littafin, don na kakanka gara ta taɓa shi daidai wajen Daniyel. Ka gaishe da mahaifiyarka.