Amsar Goggo kan shafa kayan girki a kai don gashi ya yi tsayi

Assalamu alaikum 'yata. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jaririyar.

Na ga saƙonki. Kin ce wata huɗu da haihuwa gashinki yana ta zubewa, duk sanda kika sa mataji sai ya fito cike da shi, kuma kowa da maganin da take faɗa miki: wannan ta ce ruwan albasa, waccan ta ce ƙwai da zuma, wata hulba, wata ruwan shinkafa. Kina so ki san ko wannan al'ada ta ɗauko kayan girki a shafa a kai tana da tushe, ko kuwa an gaje ta ne kawai ana bi.

Tana da tushe, 'yata, sai dai ba inda yawancin mata suke zato ba. Gashi daga cikin fata yake tsirowa, a wasu ƙananan ramuka da jini yake ciyar da gindinsu, kuma kan mutum yana da irinsu kusan 100,000. Abin da ido yake gani a waje ba shi da rai, shi ya sa ba a jin zafi idan an yanke shi. A wata guda yana ƙaruwa da kusan santimita 1, kuma babu abin da za ki kwaɓa a kwano ya ninka wannan. To me ya sa matan da suka riƙe al'adar nan ake ganinsu da gashi mai tsayi? Domin nasu ba ya karyewa. Idan santimita ɗaya ta fito a gindi, ɗaya ta kakkarye a baki, sai a shekara a wuri ɗaya ana cewa gashi ya ƙi girma, alhali bai taɓa tsayawa ba. Mai da sauran abubuwan shafawa aikinsu ke nan, su tsare abin da ya riga ya fito. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ban yarda da masu raina al'adar ba.

Naki kuwa lamarinsa daban. Kowane silin gashi yana yin shekara 2 zuwa 6 yana girma, sannan ya huta kamar wata 3, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. Lafiyayyen mutum ma yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum. Lokacin da kike da ciki, sinadaran jikinki sun riƙe waɗanda ya kamata su faɗi, shi ya sa kika ga kanki ya cika. Da kika haihu sai sinadaran suka sauka, duk waɗanda aka riƙe suka tafi hutu tare, yanzu kuma suna faɗuwa tare. Yawanci kafin yarinya ta cika shekara kai yana komawa yadda yake, ko an shafa wani abu ko ba a shafa ba. Ki lura da kyau a nan: wadda ta fara shafa albasa a wata na huɗu, ta ga sabon gashi a wata na bakwai, za ta rantse albasa ce. Ba ƙarya take yi ba, abin da ta gani ta faɗa, amma lokacin fitowarsa ne ya yi.

A cikin duk kayan girkin da ake shafawa a kai, wanda na fi amincewa da shi ba su ma ambace shi ba, wato man kwakwa. A 2003 wasu masu bincike a Indiya sun gwada shi tare da man sunfulawa da man da ake tacewa daga fetur, suka ga man kwakwa ne kaɗai ya rage zubewar furotin, wato sinadarin da ake gina gashi da shi, daga jikin gashi, domin shi yana ratsawa cikin silin, sauran kuwa a sama suke tsayawa. Ki shafa kaɗan daga tsakiyar gashi zuwa bakinsa, ki bar shi kamar awa ɗaya kafin ki wanke kai. Gashi yana kumbura idan ya sha ruwa, ya motse idan ya bushe, wannan kumburi da motsewa shi ke gajiyar da shi, man kuma yana rage yawan ruwan da zai sha. Man zaitun ma yana sa laushi. Amma idan kina da amosani kada ki tula mai a fatar kai, domin ƙwayar da ke haddasa shi mai take ci, sai ki ƙara mata ƙarfi.

Albasa kuma akwai gaskiya a bayanta, amma an faɗaɗa ta fiye da yadda take. A 2002 likitoci a Iraƙi sun gwada ruwanta a kan masu cutar nan da gashi ke zubewa ya bar fili kewayayye sumul, inda garkuwar jiki ce take afka wa gindin gashin. Mutum 23 suka shafa ruwan albasa sau biyu a rana, 15 suka shafa ruwan famfo. Bayan mako 6 gashi ya fito wa 20 daga cikin masu albasa, a masu ruwa kuwa 2 kawai, su ma a mako na 8. Sakamako ne mai kyau, amma mutanen kaɗan ne, kuma cutarsu ba ita ce taki ba. Idan ranki ya kwanta da gwadawa ban hana ki ba. Ki goga albasar, ki tace da tsumma mai tsabta, ki fara ɗiga kaɗan a bayan kunne ki kwana ki gani. In babu ƙaiƙayi ko ja, ki shafa a fatar kai na rabin awa ki wanke. Tafarnuwa ɗanya kuwa kada ki kusantar da ita kanki, tana ƙona fata har ta ɗuri ruwa, kuma inda tabo ya zauna gashi ba ya sake fitowa.

Hulba idan an jiƙa tana yin yauƙi, yauƙin nan yana sa mataji ya wuce ba tare da fizga ba, amfaninta ke nan. Zuma tana riƙe danshi. Ruwan shinkafa ya yi suna ne saboda matan ƙabilar Yao na ƙasar Sin masu dogon gashi, sai dai su ba sa yawan yanke shi, kuma akwai gado a ciki. Yana sa santsi, in ya yi yawa kuma ya sa gashi tauri. Sodar girki (baking soda) da ruwan lemun tsami ki bar su a wurin girki. Sodar tana busar da gashi ta buɗe ɓawonsa, lemun kuma idan ya haɗu da rana yana ƙona fata.

Ƙwai kuwa, don Allah ki dafa ki ci. A kai ɗan sheƙi kawai zai ba ki, wanda wanki ɗaya zai tafi da shi, kuma in kika ɗauraye da ruwan zafi zai dahu a cikin gashin. A ciki ne yake aiki. Gashi furotin ne, daga abin da kika ci ake gina shi, kuma jiki idan ya ga ƙaranci gashi yake fara hanawa don ya tsare zuciya da sauran gaɓoɓi. Ke ga shi kin zubar da jini wajen haihuwa, kina kuma shayarwa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana daga cikin manyan abubuwan da ke zubar wa mata gashi. Ƙwai, kifi, nama, hanta, wake da ganyaye, su ne kayan girkin da suke kaiwa har gindin gashi. Wannan ne nake so ki fi riƙewa a cikin duk abin da na rubuta, domin na san masu jego, su kula da kowa su manta da cikinsu.

Sai hannu. A wannan lokaci ki guji kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi, domin ja na kullum yana cinye gaban goshi, in ya daɗe kuma ba ya dawowa. Ki rage ƙarfen miƙe gashi da man miƙewa. Ki riƙa tajewa daga baki zuwa gindi da mataji mai manyan haƙora, gashin yana da ɗan danshi da mai.

Akwai inda al'adar nan ba ta isa ba, kuma ba na so ki ɓata lokaci a kanta. Idan yarinya ta cika shekara zubar ba ta lafa ba, ko kika ga fili sumul, ko ƙuraje da ɓawo da zafi a fatar kai, ko kina fama da kasala da jiri da faɗuwar gaba, ki je asibiti. Ki ce a auna miki jini, a kuma duba ƙwayar wuyan nan da ake kira tayirod, wadda ke kawo maƙoƙo, domin takan rikice wa wasu mata bayan haihuwa, kuma zubar gashi na cikin alamunta. Magungunan fito da gashi da ake sayarwa kuma, irin su minoxidil, kada ki fara ko ɗaya kina shayarwa sai likita ya gan ki ya amince.

Goggonki.