Kada lambar nan ta ruɗe ka, ni ta riga ta ci ni

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun bayan isha'i na ga tambayarka, na ajiye waya na kwanta, barci ya ƙi zuwa, shi ne na tashi na ce bari in amsa maka. Ka ce kana neman madubin hangen nesa mai matsakaicin kuɗi, za ka riƙa kai yara dajin Lekki da bakin ruwa, in ƙarshen wata ya zo kuma ka hau bene ka duba jinjirin wata. Ka ce ka ga wani da aka rubuta 20-180x100 a jikinsa, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba, ko ka saya? Don Allah kada ka saya. Irinsa sak na saya, kuma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi fataucin goro a ƙuruciyarsa, ya sha zuwa Shagamu, amma bai taɓa ƙarasowa ya ga teku ba. Da girma ya kama shi sai na ɗauko shi ya zo wurina Agege ya yi mana makonni. Ido ya riga ya yi rauni. Wata rana muna zaune bayan la'asar ya ce min, "Kafin in koma ka kai ni in ga jiragen ruwan Ikko." Shi har ya rasu Ikko yake cewa, bai taɓa cewa Legas ba. Na san jiragen suna can nesa a jere suna jiran layin shiga Apapa, na san kuma idonsa ba zai kai ba, sai na ɗebi kuɗin da nake tarawa na shiga wata kasuwar kayan lantarki. Mai shagon ya ɗauko min wani ƙato baƙi, gilashin gabansa ja jawur yana sheƙi, ya ce irin na sojoji ne, har da dare ana gani da shi. Na ce bari in gwada a waje, ya ce ai sabo ne dal, in an fita da shi ya zama nawa. A cikin shago na ɗan leƙa, na ga bango ya matso, na biya.

Ranar Lahadi muka tafi bakin ruwa ta ɓangaren Lekki. Na riƙe masa hannu har muka tsaya inda rairayi ya yi tauri. Na sa masa madubin a ido, na nuna masa wajen da zai duba. Ya daɗe yana dubawa. Na murza masa nan, na murza can. Ya ce yana ganin abu bibbiyu, kuma komai rawa yake yi, ga hazo. Can sai ya sauke, ya goge hawayen da suka taru masa, ya miƙo min ya ce, "Ba komai, idon nawa ne ya ƙare. Allah ya yi maka albarka." Ni ma a lokacin na ɗauka idon nasa ne. Sai da muka dawo gida na hau sama na duba hasumiyar masallacin unguwarmu, na gan ta biyu, ɗaya ta ɗan hau kan ɗaya, kafin minti biyar kaina ya fara sarawa. Wato tsohon nan ya ɗora wa idonsa laifin da ba nasa ba, ya koma gida da tunanin ya makance, kuma damina ba ta fita ba Allah ya karɓi abinsa. Ban samu na sake kai shi ba. Wannan "idon nawa ne" ita ce ba ta barina.

Na koma wurin mai shagon da abin a kwalinsa, da takardar da ya rubuta min. Bai ko tashi daga kujera ba. Ya kira ni "aboki" da irin muryar nan da duk kun sani, ya ce ban iya amfani da shi ba ne. Na ce to kai duba ka gaya min abin da ka gani. Ya ƙi karɓa. Ya ce na yar da shi ƙasa. Wallahi ban yar ba, a cikin jaka na tafi da shi na dawo da shi kamar ƙwai. Yaransa suna dariya, mutane suna wucewa suna kallo. Na ce ko rabin kuɗin ya ba ni, ya juya yana magana da wani kamar ba a yi ni a wurin ba. Na bar shi da Allah, kuma ban yafe ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya sassauta min zuciya.

To ga abin da na koya daga baya, da kuɗina da baƙin cikina. Lambobin nan biyu ne. In an rubuta 8x42, ta farko tana nufin abu zai matso sau 8, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Nawa da aka ce 100, na auna shi da tef ɗin tela, ko kusa bai kai ba, ƙarya ce kawai aka buga a jiki. Kuma ko da gaske ne, hannun ɗan adam ba ya iya riƙe abin da ya wuce sau 10 zuwa 12 ba tare da rawa ba, don yadda yake ƙara girman abu haka yake ƙara girman karkarwar hannunka, har bugun zuciyarka sai ka gani. Duk mai zum ɗin nan na araha, wanda ake murzawa lamba ta hau, ka rabu da shi. Jan gilashin nan kuma ado ne, hasali ma rage haske yake yi, ya sauya wa abu launi. Maganar gani da dare ma ƙarya ce, wannan wata na'ura ce daban mai batir.

Ni 8x42 nake da shi yanzu, kuma shi zan ce ka saya. Ka raba 42 da 8, za ka samu milimita 5 da ɗan kai, wannan shi ne faɗin hasken da ke isowa idonka, shi ya sa ko da magariba ta kawo jiki kana gani garau. Ƙananan nan na aljihu 10x25, hasken 2.5 ne kawai, da rana tsaka ba laifi, a inuwar daji kuwa duhu za ka gani. Kuma mai 8 filinsa ya fi faɗi, galibi mita 110 zuwa 140 kake gani a nisan kilomita ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaro. A dajin Lekki bishiyoyi a cushe suke, biri ya yi tsalle ko tsuntsu ya tashi, in filin madubin ƙunci ne kafin yaro ya nemo shi ya ɓace, sai ya gaji ya miƙo maka. Balle a kan gadar saman nan ta cikin dajin, da ake takawa a tsakanin bishiyoyi, mai tsawon mita 401, wadda ita kanta lilo take yi. A can ka rataya igiyarsa a wuya, kada ka yarda yaro ya riƙe haka kawai.

Da yake ina kiwon tattabaru, kusan kullum da safe yana hannuna. Da shi na gano shahon da ke ɗauke min 'ya'ya, a kan wani ƙarfen sabis yake sauka yana jira. Watanni ina zargin yaran maƙwabta, Allah ya yafe min, sai da na je na ba iyayensu haƙuri. Amma ka kula, kada ka saita shi wajen gidajen mutane, haramun ne leƙen, kuma kada ka ɗaga shi kusa da bariki ko tashar jiragen ruwa, kun san yadda ake kallonmu a garin nan, ba sai na faɗa ba.

Abin da 'yan'uwanmu na Arewa ba za su gaya maka ba shi ne laima. A Kano ƙura ce abokiyar gaba, a nan kuwa danshi ne da iskar gishiri. Madubin da ba a toshe shi ba, damina ɗaya ta ishe shi, sai ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ya tsiro a cikin gilashin, fumfuna ce, kuma in ta daɗe cin gilashin take yi. Don haka ka nemi wanda ruwa ba ya shiga, wanda aka cika cikinsa da iskar naitirojin ko ta argon aka rufe. Irin su Nikon Prostaff P7, da Celestron Nature DX, da Vortex Diamondback HD, in ka ɗan ƙara kuɗi Nikon Monarch M5, duk suna da 8x42 kuma duk a toshe suke. Lokacin da na duba, a ƙasashen waje kuɗinsu tsakanin dala 100 da wani abu zuwa 300 ne, ka lissafa da canjin ranar. In kuɗin bai kai ba ka ƙara haƙuri wata biyu, araha ba ta ado. Ka riƙa tara ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka zuba a jakarsa. Kada ka goge gilashi da bakin riga, musamman in kun dawo daga bakin ruwa, rairayi zai karce shi. Ka fara hure shi tukuna.

Kuma ba a cinikin biri a sama. Ko ta intanet za ka saya, sai wanda za a kawo ka duba kafin ka biya. Ka fita da shi waje, in mai kaya ya ƙi to ka yi tafiyarka. Ka dubi wayar wuta ko bakin rufin gida, abu dai miƙaƙƙe, ka ɗan janye madubin daga idonka kaɗan. In layin dama da na hagu ba su haɗu ba, ciki ya goce, irin nawa ke nan. Ka miƙe hannu ka saita shi wajen haske ka dubi ɗigon hasken da ke wurin sa ido, ya zama zagayayye tsaf, in gefensa ya yanke kamar murabba'i gilashin cikin mai rahusa ne, mai kyaun BaK-4 ake rubutawa. Ka haska fitilar waya ta gaba ka ga ko akwai fumfuna ko ƙura, musamman in na hannu ne. Akwai kuma ɗan zobe a idon dama: ka rufe gilashin dama ka saita na hagu da abin murzawa na tsakiya, sannan ka rufe hagu ka saita dama da zoben. Idon mutum biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. In kana sa tabarau ka nemi wanda tazarar idonsa ta kai milimita 15 ko fiye, ka murza kofunan su yi ƙasa.

Maganar duban wata, mai 7x50 ko 10x50 ya fi tara haske, amma nauyi gare shi, ya doshi kilo guda, yara ba za su iya ba, kuma 8x42 ma yana yi in sama ta washe, duk da gajimaren Legas ba kasafai yake bari ba. Ina roƙonka da girman Allah, kada kowa ya ɗaga shi yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Kallon rana da shi na daƙiƙa kaɗan yana ƙona ido, kuma ba ya gyaruwa. Ka ja wa yaran kunne tun kafin ka ba su.

In kana kusa da Agege ka yi min magana ta gefe, ka zo ranar Asabar da safe lokacin da nake sakin tattabaru, ka riƙe nawa ka duba da idonka. Wancan baƙin ma yana nan cikin akwati, na kasa yar da shi, zan fito maka da shi ka gwada su biyun. In ranar sayen ta zo kuma ina da sarari, ni zan raka ka. Wanda duk ya karanta ya sa mahaifina a addu'a.