Hoton jinin zuciya da aka rubuta wa Baba

Hajiya, kin tambaya ko hoton da likita ya rubuta wa Baba a Abuja, saboda ƙirjinsa na ciwo in ya hau bene, zai nuna haɗarin bugun zuciya. Ƙwarai kuwa.

Za a yi masa allurar sinadarin teknishiyam ta jijiya (sinadari ne da ke bin jini zuwa naman zuciya, ya haska a hoton), a ɗauki hoto sau biyu: yana hutawa, da bayan an wahalar da zuciyar da tafiya kan na'ura ko da adenosin, maganin da ke buɗe jijiyoyin jinin zuciya. Sashen zuciyar da ya dusashe a hoton bayan wahala kaɗai, jijiyar da ke kai masa jini ta ƙuntace. Wanda ya dusashe a duka biyun, yawanci tsohon tabo ne. Hoto mai kyau na nufin haɗarin bai kai kashi 1 cikin 100 a shekara ba.

Don Allah a hana shi goro, shayi da kofi awa 24 kafin gwajin. Suna kashe aikin adenosin, hoto ya fito lafiya alhali akwai toshewa. In yana da asma, a gaya wa likita tun farko.