Tambaya da Amsa: Yaya iyali ke rayuwa da yara a jirgin ruwa mai tafiya da iska?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila. Maƙwabtanmu sun sayar da gidansu sun sayi jirgin ruwa mai tafiya da iska, suka kwashi yaransu biyu suka tsallaka Tekun Atlantika. Yanzu suna tsibirin Girenada a yankin Karibiyan, wai a cikin jirgin suke kwana suke tashi. Ina suke samun ruwan sha? Karatun yaran fa? Kuma wannan ba ganganci ba ne da rayukan yara?

AMSA: Wa alaikis salam, Malama. Abu na farko, ki cire hoton jirgi yana kokawa da igiyar ruwa dare da rana. Tsallaka Atlantika daga tsibiran Kanari, da ke kusa da gaɓar arewa maso yammacin Afirka, zuwa Karibiyan tafiyar mako biyu zuwa uku ce, kuma da an isa, sauran watannin a tsaye ake cinye su. A nemi mashigin da ƙasa ta kare daga iska, a saki anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa da sarƙa don ya riƙe jirgi, a zauna. A kudancin Girenada akwai irin waɗannan wurare a jere: Prickly Bay, Mount Hartman, da kewayen tsibirin Hog. Abin da ke tara iyalai a can shi ne lokacin mahaukaciyar guguwa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Girenada tana wajen digiri 12 arewa, can ƙasa da inda yawancin guguwowin ke bi, shi ya sa kamfanonin inshora da dama suke son jirgi ya sauko kudu kafin lokacin ya kama.

Ruwa shi ne sarkin gidan. Tankin jirgi mai tsawon mita 12 zuwa 14 galibi bai wuce 'yan ɗaruruwan lita ba, ga mutum huɗu da sha da girki da wanka. Wanda ya taɓa zama a unguwar da sai 'yan garuwa sun kawo ruwa ya san lissafin: ba a barin famfo a buɗe ana goge baki. Kwanuka da ruwan teku ake fara wanke su, sannan a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. Wanka kuwa, yara su faɗa teku su yi saɓi, su hau bayan jirgi a watsa musu lita ɗaya ko biyu don cire gishiri. Idan hadari ya haɗu, kowa ya fito da bokiti, a shimfiɗa tamfol a juya bakinsa zuwa tanki. Masu hali suna da injin tace gishiri, wanda ke matsa ruwan teku da ƙarfi ta cikin matata mai siririn ido, amma yana cin wuta, kuma mai hankali ba ya kunna shi a tashar da mai da ƙazanta ke yawo, don matatar za ta lalace. Wanda ba shi da injin, jarka zai ɗauka ya shiga ɗan kwale-kwale mai inji ya je gaɓa. Jarkar lita 20 kilo 20 ce, kuma da hannu za a miƙa ta sama jirgi yana lilo.

Wuta daga sola take zuwa ta taru a batir, firji ne ke shanye mafi yawanta. Girki da gas.

Karatu da safe ake yi, kafin rana ta yi zafi, a kan teburin cin abinci. Dokar Ingila ta yarda iyaye su koyar da 'ya'yansu a gida, Faransawa kuma suna da hukumar karatu daga nesa mai suna CNED. Gaskiya wannan ne wurin da iyalai da yawa suke shan wahala fiye da teku, domin uwa ko uba ya zama malami ba tare da ya koya ba, ɗakin kuma ba inda mutum zai fita ya huce. Abin da ke sauƙaƙawa shi ne sauran jiragen. Kowace safiya ana buɗe oba-oba, a karanta hasashen yanayi, sabon zuwa ya gabatar da kansa ya faɗi shekarun yaransa. Kafin azahar ki ga an zo an kwashe su zuwa bakin rairayi. Zafin abin kuma shi ne rabuwa: aminin yau gobe iyayensa sun ɗaga anka sun nufi Panama.

Sai batun ganganci, kuma a nan zan tsaya. A ganina haɗarin yaro bai fi yawa a tsakiyar teku ba, domin a can kowa a farke yake, yaro na ɗaure da igiya a jikin jirgi. Haɗarin yana ranar da ruwa ya kwanta luf a tasha, uwa tana girki a ƙasa, uba ya cusa kai cikin inji, kowa yana zaton ɗayan ne ke kallo. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Saboda haka iyalin kirki sukan kewaye jirgi da raga, su kafa doka cewa ƙaramin yaro ba ya hawa sama ko shiga kwale-kwale sai da rigar hana nutsewa, su kuma riƙa faɗa da baki wa ke riƙe da shi yanzu. Farfelar injin kwale-kwale ma abin tsoro ce inda yara ke iyo. Ga sauro mai kawo zazzaɓin dengi, ga gubar da ke taruwa a jikin manyan kifayen da ke zama kusa da duwatsun murjani irin su barakuda, wadda dafuwa ba ta kashe ta.

Daren kuma na anka ne. Ana sakin sarƙa wajen ninki biyar na zurfin ruwa. Zurfin mita 6, sarƙa mita 30. Idan iska ta taso ƙarfe biyun dare, dole wani ya fito da tocila ya duba ko jirginsu yana ja, ko na gabansu ne ke tahowa kansu. Girenada ma ba tudun mun tsira ba ce. Guguwar Ivan ta ragargaza ta a Satumbar 2004, Beryl kuma ta daki tsibirin Carriacou na ƙasar Girenada ranar 1 ga Yulin 2024. Masu lura sukan gudu Tirinida, tafiyar dare ɗaya kudu, tun guguwa tana nesa.

In kina son sanin ko maƙwabtanki sun yi shiri, tambaya ɗaya za ki yi wa matar: in maigidan ya kwanta ciwo, za ta iya ɗaga anka ta tuƙa jirgin ita kaɗai zuwa wani mashigi? In ta ce eh, hankalina ya kwanta da yaran. In ta ce a'a, ki roƙe ta ta koya kafin su bar Girenada.