Kafin ka kwashe kifin adonka zuwa babban tanki

Tambaya ta farko daga wani matashi ce a Barnawa, cikin garin Kaduna. Ya ce: "Malam ina da goldfish guda biyar a ƙaramin tankin gilashi, sun girma wurin ya matse musu, na sa an haɗa min babba mai tsawon ƙafa uku. In cika shi da ruwa yau in juye su gobe, ko akwai matsala?"

To ɗan'uwa, akwai matsala kam, kuma ba ƙarama ba. Mu da muke harkar tarwaɗa da karfasa mun saba ganin irin wannan, mutum ya gina sabon kududdufi tsaf-tsaf ya zuba kifi, kafin sati ya zagayo an fara kwasar gawa, kuma abin da ke kashe su a can shi ne dai yake kashe naka a falo. Kifi yana cikin ruwa yana fitar da amoniya, ta wurin numfashinsa da kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa, ita kuwa guba ce. Abin da ya sa kifinka ba su mutu a tsohon tankin ba shi ne akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suka zauna a ciki, wasu na juya amoniya ta koma naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su juya ta zuwa naitiret wadda ba ta da illa sosai, ita ce kake ragewa duk sanda ka canja ruwa. Su waɗannan ƙwayoyi ba a cikin ruwa suke yawo ba, yawancinsu maƙale suke a soson filta, wato na'urar tace ruwan tanki, da tsakuwar ƙasa da jikin kayan ado. Sabon tanki babu su sam, kuma in aka bar shi ya haifar da nasa daga farko sai ya ci sati huɗu zuwa shida.

Saboda haka abin da ya fi komai daraja a tsohon tankinka shi ne wannan soson filtar da ya yi ruwan ƙasa, mai yauƙi, wanda kake ƙyanƙyamin taɓawa. Kamar dai yadda Bafulatana ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kama, haka za ka ɗauko shi da dattinsa ka kai sabon wuri. Kar ka wanke shi a bakin famfo, kar ka shanya shi, kar ya ga Omo ko sabulu ko daga nesa. In ya toshe da yawa, ɗebo ruwan tsohon tankin a roba ka ɗan matse shi sau biyu uku a ciki, shi ke nan. In ka sayi sabuwar filta babba, to ka cusa tsohon soson a cikinta, ko ka kunna su biyun tare a sabon tankin har kamar wata guda.

Kafin ma a kai ga kifi, fara duba inda za ka ɗora shi. Tanki mai tsawon santimita 90, faɗi 45, zurfi 45 yana cin ruwa kusan lita 180, wato sama da jarka bakwai ta lita 25, kuma kowace lita kilo ɗaya ce, in ka haɗa da gilashi da tsakuwa ka haura kilo 200. Teburin talabijin na katakon kwali ba zai ɗauka ba, a samu na ƙarfe ko katako mai ƙwari wanda ya zauna daidai bai karkata ba, a shimfiɗa farin kumfan nan da ake sa wa firji a kwali kafin a ɗora gilashin. Ka cika shi a tsakar gida tukuna ya kwana biyu ka ga ko yana yoyo, don gara ya zubar a waje da ya jiƙa wa Hajiya kafet. In ka tashi shigo da shi ka kwashe ruwan tas, ba a ɗaga tanki da ruwa a ciki.

Ranar ƙaura kuma, ka hana su abinci tun jiya, kifi mai lafiya kwana ɗaya ko biyu ba abinci ba ya masa komai, kuma ba zai ɓata ruwa da kashi ba. Zuƙo ruwan saman tsohon tankin da tiyo cikin bokiti mai tsabta, wanda ba a taɓa wanki da shi ba, kafin ka motsa tsakuwa dattin ƙasa ya tashi. Ka kama kifin a hankali, ni na fi son a kora shi cikin kofin roba ko ƙaramar roba da ruwansa maimakon raga, musamman masu doguwar jela da ke saurin yagewa, ka sa su a bokitin ka rufe bakinsa da kwando don suna tsalle. Sai ka kwashe tsakuwa ka ɗauraye ta sama-sama da tsohon ruwa, ka zuba a sabon tankin, ka cika shi da ruwa, ka kunna filta. Daga nan duk bayan minti biyar ka riƙa ƙara kofi ɗaya na ruwan sabon tankin a bokitin kifin, har kamar rabin awa, don jikinsu ya saba da ɗuminsa da yanayinsa, sannan ka sake su. Kashe fitilar tankin ranar, yara kuma su daina ƙwanƙwasa gilashi. Abinci sai washegari, shi ma ɗan kaɗan, kuma dan Allah kar ɗokin fili ya sa ka je ka ƙaro sabbin kifi, ka bari sai bayan sati uku ko huɗu, a riƙa ƙarowa biyu-biyu.

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rimi ta tambaya wane ruwa ya fi, na famfo ko na bohol.

Hajiya kowanne da halinsa. Ruwan famfo ana zuba masa kulorin, ita kuma tana ƙona wurin da kifi ke numfashi da shi, tana kuma kashe waɗancan bakteriyar da muke ta lallaɓawa. Ki tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana ɗaya zuwa biyu, in da injin iska mai hura kumfa a ciki ya fi sauri, amma abin da ya fi tabbas shi ne maganin kashe kulorin da masu sayar da kifin ado ke sayarwa a 'yar kwalba, ki bi awon da aka rubuta a jiki. Ruwan bohol babu kulorin sai dai yana fitowa ba isasshiyar iska a ciki, wani kuma in ya kwana sai ki ga ya yi ja-ja a ƙasan baho, alamar ƙarfe ce, shi ma ki bar shi ya kwana ki ɗebi na sama. In 'yan ga-ruwa ne ke kawo miki, ki tambayi inda suka ɗebo, ki kuma shinshina jarkar, in kin ji ko alamar kalanzir ko fetur a kai shi banɗaki. Abin da ya fi muhimmanci, ruwan da kifin suka saba da shi a tsohon tanki shi za ki ci gaba da ba su, kar a haɗa musu canjin gida da canjin ruwa rana ɗaya.

Sai wani daga Rigasa, shi aikin gama ya riga ya gama. Ya ce ya wanke komai tas da sabulu ya juye su, kwana uku ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, kifin na sama suna ta buɗe baki, ɗaya ya mutu, ga shi unguwarsu ba wuta.

Allah ya tsare sauran Malam. Yanzun nan ka cire rabin ruwan ka mayar da wanda ya kwana, mai ɗumi ɗaya da na ciki, gobe ka sake cire kashi ɗaya cikin uku, ka ci gaba da haka kullum har su daina hawowa sama. Tsayar da abinci kwana biyu. Za ka iya sa gishiri, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita biyar, ka narka shi a kofi tukuna, yana rage illar naitirait kuma goldfish na jure shi, amma ka tuna gishiri ba ya tashi da tururi, iya na ruwan da ka cire kawai za ka mayar. Farin ruwan nan kuma kar ya sa ka sake kwashe komai ka wanke, in ka yi haka ka koma ranar farko, zai washe da kansa. In kana da aboki mai tsohon tanki da kifinsa lafiya lau, roƙi guntun soson filtarsa ka kawo a leda da ruwa.

Maganar wuta kuwa ta shafi kowa a Kaduna. Filta in ta tsaya awanni da yawa bakteriyar ciki na shaƙewa su mutu, in an kawo wuta kuma ta tofo ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. Nemi ƙaramin injin iska mai batir ko mai caji, wasu ma da fawa bank ɗin waya suke aiki, in an ɗauke wuta ka ciro soson ka jefa shi cikin tankin kusa da inda kumfa ke tashi. In babu ko wannan, ɗebi ruwan da kofi ka riƙa zubo shi daga sama lokaci-lokaci.

Akwai wanda ya tambaya ko zai iya ɗebo yashi da duwatsu a bakin kogin Kaduna. Za ka iya, amma ka wanke sosai, ka kwara musu tafasasshen ruwa, ka shanya a rana. Ɗiga ruwan lemun tsami a kan dutse, in ya yi kumfa ajiye shi, zai canja maka ruwa. Kifin kogi dai kar ka haɗa da na ado, karfasa faɗa gare ta kuma tana iya shigo da cuta.

In lokacin hunturu ne za ku yi ƙaurar, wato Disamba zuwa Janairu, a yi ta da rana tsaka ba da asuba ba, don ruwan da ya kwana a waje sanyi sosai yake yi. Goldfish ba ruwansa da sanyi sosai, amma kifayen ado irin su guppy da molly da angel sun fi son digiri 24 zuwa 28, in sanyi ya buge su sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo sun feso musu a jiki, to masu irin waɗannan su nemi hita, a kuma nisanta tankin daga taga. Sannan in za a fesa maganin sauro a ɗakin, a kashe injin iska a lulluɓe tankin da bargo ko leda, kar a buɗe sai an buɗe tagogi warin ya fita gaba ɗaya, don ɗan abin da ya sauka a kan ruwan ya isa ya kashe su duka.